Hoto na Goma Sha Biyu

Sabon Birni,
8 ga Oktoba, 1984.

Zuwa ga Kawu Malam Halliru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga uba, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Binta da yara. Mu nan lafiya lau, sai abin da kowa ya sani: gero bai kai ƙugu ba ya bushe a tsaye.

Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane mai rubutu. Ni ce Safiyatu ɗiyar Lawwali na Gangara, jikar Inna Habi, wadda ita da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙane ne. Ni ce yarinyar da ta fasa kuka ranar da ka shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle da kyamararka mai ƙafa ukku, don na zaci ta haɗiye maka kai. Yanzu ina koyar da 'yan aji biyu a nan Sabon Birni.

Ga abin da ya kawo ni. Baba Atiku, wan babana, zai tashi da iyalinsa zuwa ƙasar Kwantagora farkon watan gobe, don shekara biyu ke nan gonarsa ba ta ciyar da shi ba. Inna Habi ta ce ba inda za ta. Ta haura saba'in, kuma idonta ya fara rauni.

Ka san Baba Atiku shi ne ɗan farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, sai dai "wancan". In ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa tana duban bango. Kunyar ɗan fari ce kawai, don ni na san wanda take ɓoye wa farin goro.

Ran Jumma'a ya raka ni bakin hanya, ya ce, "Safiya, har yanzu Halliru na Isa shina ɗaukar hoto?" Na ce shina yi. Ya daɗe yana tona ƙasa da sanda, sannan ya ce, "Da a ce za a samu ni da ita cikin takarda guda, in tafi da ita. Amma ba ta yarda." Ya yi dariya kamar wasa ne.

Kawu, ba wasa ba ne. Don Allah ka zo kafin su tashi.

Ɗiyarka,
Safiyatu.


Isa,
12 ga Oktoba, 1984.

Ɗiyata Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, sai gwiwata da ke ƙara kamar ƙofar zaure. Na gane ki sarai, kuma ina da shaida: hotonki na nan, baki buɗe, hawaye har haɓa. Na ji daɗi ƙwarai da kinka zama malama. Ki riƙe 'yan aji biyu da kyau, a nan ake samun yaro ko a rasa shi.

Zuwa dai ba za ni iya ba. Malamaina ukku sun tafi cin rani, ni kaɗai ke riƙe da aji huɗu, ga sufetoci na tafe. Kuma ko na zo, ba na jin Inna Habi za ta zauna gaban ƙato da akwati. Ke jika ce, kina da izinin tsokana. Don haka na ba Ɗanmusa direba kyamara ya kawo miki.

Yanzu kyamarorina bakwai ne, duk tsofaffi. Binta ta ce gidan ya cika da idanu, ko ɗankwali ba ta iya cirewa a ɗakina. Akwai mai ƙafa ukkun da ta ba ki tsoro, akwai biyu masu naɗewa kamar zugazugin maƙera, akwai 'yar akwati da wani ɗan kasuwa ya kawo mini daga Maraɗi yana zaton rediyo ce. Sai na takwas, wanda ba kyamara ba ne, ido ne kawai cikin zoben tagulla, gara ta cinye akwatinsa tun kafin a haife ki. Shi na fi so. Da shi nake nuna wa 'yan aji shida ƙafar tururuwa, in kuma rana ta take mu ƙona takarda da shi.

Wadda na aiko miki ita ce mai ido biyu. Na same ta hannun wani tsohon mai hoto a Ƙauran Namoda. Idon sama na dubawa ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Ba a kai ta fuska. Ki rataye ta a wuya ta sauka daidai cibiya, ki buɗe murfin sama, ki duba ƙasa, za ki ga mutum cikin gilashi. Na zaɓe ta don ba sai kin ɗaga ido kin ƙura wa babba ba, kanki a sunkuye za ki yi aikinki kamar mai gaisuwa. Wanda ya ƙera ta bai san Gobir ba, amma yana da ladabi.

Na sa mata fim, hoto goma sha biyu. Shi ne na ƙarshe gare ni. Tun da anka rufe iyaka ba ya zuwa daga Maraɗi, a Sakkwato ma na nema na gaji. Cikin gwangwani na adana shi, ƙarƙashin jiƙaƙƙen rairayin gindin randa.

Ki ɗauka da hantsi, rana na bayan kafaɗarki. Sannan abu ukku na hana ki.

Na ɗaya, kada ki buɗe bayanta, ko wa ya roƙe ki. Mutane za su ce a nuna musu hotonsu. Babu abin gani ciki sai na wanke, kuma haske na shiga sau ɗaya duka sha biyun sun ƙone.

Na biyu, kada ki goge idon da bakin zane. Ga gashin tattabara nan cikin jaka.

Na ukku, duk sa'ad da kinka danna, ki murɗa hannun gefe har lamba ta gaba ta bayyana a 'yar jar tagar baya. Tsohuwa ce, ba ta tuna wa kowa. In kinka manta, hoto biyu za su hau kan juna. Na taɓa ɗaukar wani dillalin shanu cikin baƙar babbar riga, na manta ban murɗa ba, na ɗauki farar akuya. Ya fito da akuya zaune cikin cikinsa, sarai kamar an zana ta, don duk inda hoton farko ya yi baƙi nan na biyu ke fitowa da kyau. Har yau mutumin ba ya amsa gaisuwata.

Ki gaishe da Inna da Atiku da babanki.

Kawunki,
Halliru.


Sabon Birni,
21 ga Oktoba, 1984.

Kawu,

Bayan gaisuwa da tambayar gwiwa. Kyamara ta iso lafiya, na gode, Allah shi saka. Amma akwai abin da ba ka faɗa mini ba: komi a juye yake cikin gilashin nan. Mutum na dama, ita ta nuna shi hagu. Ina bin Baba Atiku da ita, kaina a ƙasa, sai ji na yi na taka kwatarniyar awaki.

Inna na zaune tana kallona. Ta ce, "Ke, mi kike nema cikin akwati? Ko mijin ne sai nan za a same shi?" Na ce, "Tsohuwa mai haƙori nake nema, har yanzu ban gani ba." Ta jefe ni da mafici.

Gaskiyarka game da sunkuyawa. Baba Atiku ya naɗa rawani ya zauna gabana, na dube shi son raina ba tare da na ɗaga kai ba. Har ya ce da babana, "Wagga yarinya karatu bai ɓata ta ba." Inna ma ta yarda ita kaɗai, bayan ta sa na jira ta shafa kwalli.

Haɗa su ne ya gagara. Gwajin farko na zaunar da ita, na yi wa Baba alama ya zo ta gefe. Takunsa kawai ta ji ta miƙe. Hoto na bakwai bayanta ne tana shiga ɗaki. Gwaji na biyu na tara gidan duka, na ce na kowa da kowa ne. Ta koma can ƙarshe bayan mata, ta ja zane ta rufe fuska.

Na bi ta ɗaki na ce, "Inna, ƙiftawar ido ce fa." Ta ce, "Shekara hamsin da biyar ban zauna tabarma guda da wancan ba, sai yau don akwatin Halliru? Ke in ba ki da kunya, ni ina da." Sai ta ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "An dai sama mai takalman tafiya?"

Tara sun tafi, saura ukku. Mi za ni yi?

Ɗiyarka,
Safiyatu.


Isa,
25 ga Oktoba, 1984.

Ɗiyata,

Muna lafiya. Sufetoci sun zo sun tafi, sun fi daɗewa kan kyamarori fiye da kan rajista. Juyawar gilashi laifina ne, na saba har na manta. Ki ba awaki haƙuri.

Shawarata, ki bar tsohuwa da kunyarta. Abin da ta riƙe shekara hamsin da biyar ba na wasa ba ne gare ta, kuma ba na son ki yi mata dabarar da za ta kunyata ta gaban surukanta. Ki yi amfani da ukkun nan ki samo ta ita kaɗai, kusa, fuska sarai. Atiku ya sa hotonta da nasa aljihu guda. Iyakar abin da kyamara ke iyawa ke nan, ba ta zaunar da wanda ya ƙi zama.

Kawunki,
Halliru.


Isa,
7 ga Nuwamba, 1984.

Safiyatu,

Lafiya? Mako biyu ba amsa. Ɗanmusa ya ce ya bar takardata wurin mai shayin tasha, mai shayi kuma an ce ya kwashe tebur ya yi kudu. Wani ya ce mini ya ga motar kaya ta fito daga Gangara jiya. Atiku ne? Kin samu hoton Inna? Kyamarar na raye? Binta ta ce na tambayi lafiyar kyamara sau biyar, taki sau ɗaya. Ƙarya take yi, sau biyu ne.

Kawunki,
Halliru.


Sabon Birni,
9 ga Nuwamba, 1984.

Kawu,

Ka gafarce ni, ina Gangara wajen ɗaurin kaya, takardunka biyu yau sunka same ni tare. Baba Atiku sun tashi ran Talata lafiya. Inna ba ta fito rakiya ba.

Ga kyamara, sha biyun sun cika, na murɗe fim har ƙarshe. Sai dai na aikata ɗaya daga cikin abu ukkun da ka hana, kuma da gangan. Bayanin na da tsawo, ga Ɗanmusa na ta danna ham.

Safiyatu.


Isa,
10 ga Nuwamba, 1984.

Ɗiyata,

Na gode Allah da kuna lafiya. Na karanta takardarki sau ukku. Na duba idon kyamara, ba ko ƙwarzane, don haka ba na biyun ba ne. Ɗanmusa kuma ya ce mini ranar tashi rabin Gangara sun taru kanki suna a nuna musu hotonsu. Na gane. Atiku zai hau mota, ya roƙe ki ya ga uwarsa sau ɗaya, ke kuma ba ki iya hana babba. Kinka buɗe.

Ban yi fushi ba. To, na yi kaɗan, har na ƙi cin abincin rana. Amma ni ma ina ɗan shekara ashirin na ƙona hotunan wani biki gaba ɗaya ta wannan hanya, kuma ba don tausayi ba, don ɗoki. Abin da ke damuna Atiku ne, ya tafi hannu wofi.

Fim ɗin ba za ni wanke ba. Maganin wanki na sau ɗaya ya rage, ruwa kuma kin san yadda ake layi a rijiya. Ba na kashe tulu biyu don in ga baƙi. Na mayar da shi gwangwani. In Allah ya kawo damina da fim, sai mu sake.

Kawunki,
Halliru.


Isa,
13 ga Nuwamba, 1984.

Malama Safiyatu,

Ki yaga takardata ta ran Assabar. Daga yau kuma Malama za ni riƙa kiranki.

Binta ce ta cece ni. Ta ga ina ta zagaya randa, ta ce, "Malam, yarinyar cewa ta yi da gangan. Mai buɗe bayan kyamara da gangan ai mahaukaci ne, kai kuwa ka cika mu da labarin hankalinta." Na ce ruwa fa? Ta ce ta bar wankinta na makon nan, in rigata ta yi dauɗa kada in yi magana.

Kin san bana rumbuna ba komi ciki, don haka na liƙe ramukansa da laka, ya zama ɗakin duhu mafi kyau da na taɓa samu. Jiya da hantsi na shiga da gwiwar nan tawa, Binta ta rufe ni da bargo biyu. Na tace ruwa sau ukku da farin ƙyalle. Da na fito na ɗaga fim ga haske, sai ga mutanen Gangara a jere, ba wanda ya ƙone. Ga Atiku da rawani. Ga bayan Inna. Ga wata ƙafa cikin kwatarniya, ina jin na san mai ita.

Sai na goma sha biyu. Inna Habi da Atiku, tabarma guda, kafaɗa da kafaɗa, bayansu baƙi wuluk. Inda kafaɗunsu sunka haɗu hannun rigarsa ya ɗan shige cikin mayafinta, kamar ta jingina da shi. Sai da na zauna ƙasa. Ba ki murɗa ba. Labarin dillali da akuya na ba ki don in tsorata ki, ke kuwa kinka ɗauke shi darasi. Shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ina kiran abin nan kuskure. Na kuma rubuta da hannuna cewa kyamara ba ta zaunar da wanda ya ƙi zama. Na janye.

Na fitar da hoton nan kwafi ukku: ɗaya na Atiku, ɗaya na Inna, ɗaya naki. Ba ni da injin ƙara girma, don haka ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba, kuma kin ce idonta ya yi rauni. Ga idon tagullata nan cikin safa biyu. Ki riƙe shi bisa hoton, ki ɗaga sannu har fuska ta fito. Aro ne, Malama. Ki karanta da kyau, aro.

Abu ɗaya ke raina. Ki ba ta ba kowa kusa. In ranta ya ɓaci, ki ce laifin Halliru ne da akwatinsa. Kuma ki faɗa mini yadda kinka yi, dalla-dalla, don in koya wa 'yan aji shida.

Ɗalibinki,
Halliru.


Sabon Birni,
18 ga Nuwamba, 1984.

Kawu,

Ina gaishe ka, amma gaisuwa ta fi yawa ga Gwaggo Binta. Takardarka ta ran Assabar ta hana ni sukuni kwana ukku, ina ta neman mai zuwa Isa ban samu ba. Ban yaga ta ba, na ajiye ta kamar yadda ka ajiye hotona na kuka.

Yadda na yi ba wuya. Na rataya baƙaƙen zannuwan rini biyu a bangon ɗakin Inna, na shimfiɗa tabarma. Turminmu ba aikin da yake yi bana, na kife shi na ɗora kyamara, na tokare ta da duwatsu don kada ta motsa. Na zaunar da Baba a gefe ɗaya na danna, na ce ya tafi. Ban murɗa ba. Na kira Inna na zaunar da ita ɗaya gefen, inda na ajiye ƙwallon dabino don alama, na sake dannawa. Ban yi wa kowa ƙarya ba, kowa shi kaɗai ya zauna.

Na Baba Atiku na ba wani ɗan garinmu da ya tafi Kwantagora jiya.

Na Inna na kai mata ran Laraba bayan an tashi makaranta, mata sun tafi rijiya. Ta kai shi kusa da hanci ta ce, "Mi ne wanga, ƙudaje biyu?" Na ɗora idon tagulla na ɗaga sannu. Ta ƙura masa ido.

"Yaushe na zauna nan?"

Na ce, "Ba ki zauna ba."

"To wa yaz zaunar da ni?"

Na ce akwatin Kawu.

"Halliru tun shina yaro bai da kunya. Ashe akwatinai ma haka."

Na miƙa hannu in karɓa, ta buge mini shi. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙe idon da kanta. Nata hoton ko duba ba ta yi ba. Ta daɗe, har na fara tsince tsakuwa daga tabarma don in sami abin yi. Sannan ta kira ni.

"Duba nan, kuncinai na hagu. Zane na ukku ya karkace. Ran suna ne, wanzami na aiki wancan yaj juya kai. Ina cikin ɗaki na ji kukan ya sake. Tun da anka yaye shi kakatai ta ɗauke shi, ban ƙara tsayawa na duba ba. Shekarun nan duka gani nike kamar ya ɓata mai fuska."

Ta sake sunkuyawa kan gilashin. "Ashe kaɗan ne."

Yanzu maganar idon tagulla. Ta ƙulle shi tare da hoton a bakin zanenta, inda take ƙulle goro. Na ce mata aro ne, har na karanta mata wurin da ka rubuta sau biyu. Ta ce ta ji, ita ba ta cin kayan mutane, za ta mayar da zarar ta gama dubawa.

Jiya na sake zuwa Gangara. Kawu, ban ga alamar gamawa ba.

Ɗiyarka,
Safiyatu.